Wa zai biya kuɗin koya mana kula da waɗanda kodin da tiramadol suka kama?

'Yar Sha-ka-tafi:

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Dan Allah tambaya gare ni, musamman ga 'yan uwana ma'aikatan lafiya da kuma waɗanda suka san kan harkar kuɗin gwamnati. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a matakin farko, shekarata tara a wani ƙaramin asibiti nan cikin birni. A shekarun nan bitar da aka tura ni ta fi a ƙirga, ta rigakafi, ta maleriya, ta tazarar haihuwa, ta tamowa, har ta yadda ake cike rajista, amma ko sau ɗaya ba a taɓa zaunar da ni an ce ga abin da za ki yi in an kawo miki wanda kodin ko tiramadol ko allurar kashe ciwo ta fenta (pentazocine) ta kama ba, alhali kuma kusan kullum sai mun gan su.

Abin da ya sa na kasa haƙuri shi ne daren Alhamis ɗin da ta wuce. Ina aikin dare, wajen ƙarfe ɗaya saura, aka shigo da wani yaro a adaidaita, ba zai wuce shekara 19 ba, abokansa biyu sun riƙo shi, rigarsa sharkaf saboda sun yi ta sheƙa masa ruwa, ɗaya ma har da gwangwanin madara a hannu wai sun so su ɗura masa. Na haska idonsa da fitilar wayata, baƙin idon ya tsuke kamar kan allura, leɓensa ya fara duhu, numfashi kuwa shida na ƙirga a minti ɗaya, yana wani irin munshari mai ban tsoro. A raina na san akwai allurar da ke farfaɗo da irin wannan, nalokson, na ji sunanta tun muna makaranta, amma ban taɓa riƙe ta a hannuna ba, babu ita a durowarmu, kuma ko da akwai wallahi ban san yadda zan ba shi ba. Iyakar abin da na iya na gyara masa hanyar iska, na yi ta matsa masa jakar hura numfashi har aka samo mota muka tura shi babban asibiti. Ya rayu alhamdulillahi, amma ni na kwana hannuna na rawa.

To tambayata, akwai inda ake koyar da irinmu wannan aikin? In akwai, wa yake biya? Albashina ba zai ɗauki kwas ba, kuma incaj ɗinmu ya ce shi ma bai san ƙofar da za a ƙwanƙwasa ba.

Nas ɗin Ƙwaƙwalwa:

Wa alaikumus salam Sista, sannu da ƙoƙari, kuma ki sani abin da kika yi na taimaka masa da numfashi shi ne daidai, don rashin numfashin ne ke kashe su, ƙwayar tana danne numfashi ne har ya tsaya. Ruwan da ake sheƙa musu da madarar nan ba sa komai, madarar ma tana iya bi ta hanyar iska ta shaƙe shi.

Ni a ɓangaren masu larurar ƙwaƙwalwa nake aiki shekara 14 kenan. Horo akwai shi, ba wai sai an ƙirƙiro ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wani tsarin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da ake kira mhGAP tun 2008, an yi shi ne musamman saboda ma'aikacin da ba ƙwararre ba irinki, kuma a ciki akwai babi guda kan shaye-shaye. Akwai kuma manhajar koyon kula da masu shaye-shaye, UTC, ta ƙungiyar ƙasashe ta Colombo Plan wadda take da zurfi, har da jarrabawa da satifiket. Sannan ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, UNODC, ya yi wani babban shiri da kuɗin Tarayyar Turai inda aka ɗaga cibiyoyin magani 11 a ƙasar nan aka horar da ma'aikatansu, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano yana ciki. Kin ga ilimin yana nan cikin garin nan, yana hannun mutane ƙalilan ne a manyan asibitoci, bai gangaro wurinku ba.

Kuma lissafin ba ya fita sam. Binciken da UNODC da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suka fitar a farkon 2019 ya ce mutum miliyan 14.3 ne ke shaye-shaye a Najeriya, miliyan 4.6 daga ciki dangin tiramadol da kodin suke sha, kuma duk mutum huɗu ɗaya mace ce. Kano kaɗai an ƙiyasta sama da mutum miliyan ɗaya. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa a duk faɗin ƙasar ba su kai 300 ba, kullum ma raguwa suke suna ficewa waje. Ta yaya asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da asibitin Malam za su ɗauke wannan kayan su kaɗai? Dole sai ku.

Bari in faɗa miki abin da ya fi damuna, ba ma wanda aka kawo a sume ba. Wanda ke zuwa da ƙafarsa yana hamma ba ƙaƙƙautawa, hanci na yoyo, ido na hawaye, tsigar jiki a tashe, ga gudawa ga ciwon ƙashi, ya ce kwana biyu bai runtsa ba. Wannan ƙoƙarin dainawa yake yi, jikinsa ne ke neman abin. Wanda bai sani ba sai ya rubuta masa maganin maleriya da taifot ya sa masa ƙarin ruwa, wani ma saboda ciwon jikin sai ya yi masa fenta, kin ga an mayar da shi ruwa kenan. Sau nawa ake turo mana irinsu bayan sun zaga asibiti uku huɗu. Kuma mata sun fi shiga wannan, don matar aure ba za ta taɓa buɗe baki ta ce siraf ɗin kodin take sha ba sai in kin iya tambaya, ke kaɗai da ita, ba a gaban uwar miji ba, kuma ba da fuskar tuhuma ba. Iya tambayar nan kaɗai darasi ne da ake koya.

Amma Sista kar ki yarda da bitar kwana uku a otal a raba jaka da alawus a watse. Na je irinsu, bayan wata biyu komai ya bi iska. Abin da ke zama a kai shi ne a koya miki, ki zo ki zauna da mu sati biyu ki ga marasa lafiyan da idonki, ki koma da nalokson a durowa, sannan ki samu wanda za ki kira ƙarfe ɗayan dare. Ita kanta nalokson ɗin aikinta ba ya wuce minti 30 zuwa 90, mutum yana iya farkawa ya sake sumewa, mai tiramadol kuma yana iya yin jijjiga, duk sai an nuna miki a aikace.

Babban Yaya:

Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, ɗinki nake yi, amma na karanta na kasa wucewa. Ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya a wurin aikin gini ya fara tiramadol, wai don ƙarfi, irin mai lamba 225 ɗin nan, daga guda ɗaya da safe har ya kai ba ya iya ɗaga kai sai ya haɗiya. Mun kai shi gidan mari ya yi wata bakwai, da na je ɗauko shi ga shatin ƙarfe a ƙafarsa, amma ya yi ƙiba ya yi haske, Hajiyarmu har sadaka ta yi. Ba wanda ya ce mana komai, aka dai ce ku tafi ya warke.

Kwana 11 da dawowarsa na shiga ɗakinsa da asuba in tashe shi sallah, na tarar da shi a kife, takardar maganin na gefen katifa. Allah ya yi masa rasuwa, shekararsa 24. Sai daga baya wani likita da ke kawo min ɗinki ya yi min bayani, ya ce wanda ya daɗe bai sha ba jikinsa ya daina jurewa, in ya koma ya sha adadin da ya saba a da to shi ne ke kaiwa ga mutuwa, kuma kwanakin farko bayan an sallamo mutum su ne mafi haɗari. Wallahi da wani ya faɗa min wannan maganar guda ɗaya da a ɗakinsa zan dinga kwana.

Shi ya sa in na ga ana taron wayar da kai, an buga riguna da huluna an yi tattaki an ɗau hoto, sai in ce ina ma kuɗin rigunan nan aka ba irin su Sista aka koya musu. Mu da abin ya ci mun riga mun san shaye-shaye ba kyau, wanda za mu kai wa ɗanmu ne ba mu da shi.

Malam Mai Lissafi:

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Babban Yaya Allah ya jiƙansa ya ba ku haƙuri.

Sista, kan batun wa zai biya, na ɗan yi aiki a harkar tsara kasafi, bari in faɗi ƙofofin da na sani. Ta farko ita ce asusun samar da kiwon lafiya na matakin farko, BHCPF, da dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa, aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, kuma a yadda dokar ta raba kuɗin kashi 10 na bunƙasa ma'aikatan matakin farko ne, wato ku. An fara sa masa kuɗi a kasafin 2018. Ta biyu a nan jiha muna da KHETFUND, asusun tallafa wa lafiya da ke samun kaso daga harajin cikin gida da na ƙananan hukumomi. Ta uku dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi asusu na musamman. An kuma yi babban tsarin ƙasa na yaƙi da ƙwaya na 2021 zuwa 2025, wanda a ciki magani da rage buƙata ginshiƙi ne guda, ba kame kaɗai ba.

To amma ki gane, abu ya kasance a doka daban, ya samu layinsa a kasafi daban, a saki kuɗin kuma wani abu ne daban. In ba a rubuta ƙarara cewa horar da ma'aikata kan shaye-shaye naira kaza ba, aka bar shi cikin jumlar horo gaba ɗaya, to rigakafi da haihuwa za su cinye, kuma ba laifinsu ba ne don su suna da masu bibiya da alƙaluma a hannu. Ku kuwa a rajistarku ina yaron Alhamis ɗin nan ya shiga? Na tabbata an rubuta suma ne kawai aka tura. A takarda kenan matsalar ba ta wanzu ba, mai tsara kasafi kuma takarda yake kallo.

Ra'ayina, kuma na daɗe ina faɗa, kar a jingina wannan da turawa. Kowa ya ga abin da ya faru a Janairun 2025 da Amurka ta dakatar da tallafinta, ayyuka nawa suka tsaya cak a wata ɗaya. Kuɗin waje a yi amfani da shi a horar da masu horarwa, amma na kullum ya fito daga gida. Mazaɓu 484 gare mu a ƙananan hukumomi 44, ko mutum biyu-biyu aka ce a kowace mazaɓa ba su kai dubu ba, wannan ba abin da ya fi ƙarfin Kano ba ne. Hanya mafi arha ma ita ce a cusa darasin cikin karatun makarantun kiwon lafiya da na nas-nas, sannan a sa shi cikin kwas ɗin da ake yi kafin sabunta lasisi, tunda dama dole kowa ya yi.

Kuma kar a raina 'yan kasuwarmu. Attajirin da zai gina masallaci ko ya biya wa mutum ɗari kuɗin aikin ido zai iya ɗaukar nauyin ma'aikata 30, sai dai ba wanda ya taɓa kai masa a rubuce da farashi.

Ɗan Kemis:

Ni fa ina da ja kaɗan, a yi min afuwa. Ba gara a toshe inda kayan ke shigowa ba? An hana kodin na tari a Mayun 2018, an tashi 'yan magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro, NDLEA kullum suna kamawa, a ƙara musu ƙarfi mana. Kuma na ji ana cewa a cikin horon har da ba su wani magani metadon, wanda shi ma danginsu ne. Yanzu da kuɗin jama'a za a cire mutum daga wata ƙwaya a ɗora shi kan wata? Wannan iyaye a Kano ba za su karɓa ba gaskiya.

Bakanuwa a Amurka:

Ɗan Kemis tambayarka a kan hanya take, ni ma haka na ce lokacin da na fara aiki a nan. Nas ce ni, 'yar Gwale, shekarata takwas a wani asibiti a Amurka. Mutanen nan sun yi kame har sun gaji, amma daga 2021 zuwa 2023 sama da mutum 100,000 suke rasawa duk shekara saboda ƙwaya. Metadon da ɗan uwansa bufurenofin ba maye ake ba mutum ba, awo ne da likita ke tsarawa wanda ke kashe ƙishirwar abin ya hana ciwon dainawa, mutum ya tashi ya je aikinsa ya kula da iyalinsa, kuma an tabbatar yana rage mutuwa sosai, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin muhimman magunguna tun 2005. Amma a hannun wanda bai iya ba metadon kansa yana kisa, kuma ba kowa ne ma yake buƙatarsa ba, ka ga maganar ta sake dawowa kan horo.

Batun kuɗi, a nan abu biyu na gani. An gurfanar da kamfanonin da suka cika gari da waɗannan ƙwayoyin a gaban kotu, Johnson & Johnson da manyan dillalai uku suka amince za su biya dala biliyan 26, kuma mafi yawan kuɗin an ɗaure shi ne a kan magani da rigakafi, horo na ciki. Na biyu tun Yunin 2023 duk mai rubuta irin waɗannan magunguna sai ya yi horon awa takwas kafin a ba shi ko a sabunta masa rajista. Ban ce mu kwafo komai ba, amma me zai hana a ce wani kaso na tara da dukiyar da kotu ta ƙwace daga dillalan ƙwaya ya tafi wurin horar da masu magani?

Akwai kuma wani tsari mai arha da ya faro a jami'ar New Mexico a 2003, ana ce masa ECHO. Ƙwararru suna zama a wuri ɗaya, ma'aikatan ƙananan asibitoci su shigo ta Zoom sati-sati, kowa ya kawo matsalar da ya gani ba tare da sunan mara lafiya ba, a tattauna. Kuɗin data ne da awa ɗaya. Wannan ko gobe ana iya farawa a Kano.

Nas ɗin Ƙwaƙwalwa:

Ɗan Kemis, kame yana da amfani ba mu ce a daina ba. Amma ranar da aka hana kodin waɗanda ya riga ya kama ba su warke ba, an kashe maciji ne ba a sare kai ba, da yawa tiramadol da fenta suka koma, yanzu ga wasu sababbin haɗe-haɗen suna shigowa, har sai da Indiya ta hana haɗin ƙwayoyin tafentadol da karisofurodol a Fabrairun 2025 bayan an gano yadda ake turo shi Afirka ta Yamma. Kuma kai kanka kana cikin waɗanda ya kamata a horar, don kafin su zo wurinmu gabanka suke fara tsayawa. Mai sikila da ke zuwa sayen fenta kullum, ka san lokacin da ciwo ne da lokacin da allurar ce ta kama shi? Ka san inda za ka tura shi ba tare da ka kunyata shi ba?

Sista, maganar Zoom ɗin nan ni na yarda, zan yi wa wani likitanmu magana ko zai ba mu awa ɗaya ranar Asabar.

'Yar Sha-ka-tafi:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Babban Yaya na yi kuka da na karanta naka, Allah ya gafarta masa, kuma in sha Allahu daga yau duk wanda ya ce min an sallamo ɗansa daga wurin gyara sai na zaunar da shi na faɗa masa maganar nan.

Malam Mai Lissafi ka faɗi gaskiya, na duba rajista da safen nan, suma aka rubuta. Na samo littafi mai bango mai kauri na ja layi, kwanan wata, shekaru, mace ko namiji, abin da aka sha, yadda aka zo da inda muka tura, ba suna. Na yi wa abokan aikina na wasu asibitoci huɗu magana su ma za su fara, in mun tara na wata uku sai mu haɗa da takarda ta hannun incaj da kwamitin cigaban mazaɓa. Dan Allah in mun rubuta zan turo maka ka gyara mana wurin farashin, don ban san yadda ake lissafa kuɗin kwana 14 na zama a babban asibiti ba.

Anti Nas, mu biyar ne zuwa yanzu, Asabar bayan la'asar ta yi mana. Yaron nan kuma mahaifiyarsa ta zo jiya da shi yin godiya, yana ta sunkuyar da kai yana hamma, ta ce tun da aka sallamo su bai yi barci ba. Na ce su dawo Litinin da safe. Wace rana ce asibitinku ke ganin sababbi, kuma sai da takardar turawa ko za su iya zuwa kai tsaye?